Bidiyon koyon wuƙa na Arnis da Kali: me ake iya ɗauka daga allo?

Dan_Tsakuwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san fasahar faɗa ta ƙasar Filifin, wadda wasu ke kira Arnis, wasu Eskrima, wasu Kali. YouTube cike yake da bidiyon koyar da sarrafa wuƙa da adda nasu, kuma kusan kowane malami yana maimaita magana ɗaya, wai wanda ya iya sanda ya iya wuƙa, motsin duk ɗaya ne. Gaskiya ne? Sannan ta yaya mai kallo zai bambance bidiyon da ke koyarwa da wanda burgewa kawai yake yi?

Mai_Kwagiri: Wa alaikumus salam. Kafin ka kalli hannun malami, fara duba makarantar da ya fito, domin ita za ta gaya maka abin da yake nufi da motsinsa. Sunayen uku da ka ambata kusan abu ɗaya suke nufi. Arnis shi ne sunan hukuma, da shi dokar ƙasar mai lamba 9850 ta 2009 ta ayyana shi a matsayin wasan ƙasa. Eskrima ya fi yawa a bakin mutanen Cebu, ana furta shi Sebu, da tsibiran da ke kewaye. Kali kuwa a Amurka da Turai ya fi tashe.

Amma makarantu sun sha bamban. Balintawak, wadda Venancio Bacon ya kafa a Cebu, sanda ɗaya ce a kurkusa, gaba da gaba. Doce Pares tun 1932 take, gidan Cañete ne suka yi suna da ita. Modern Arnis ta Remy Presas an tsara ta yadda za a iya koyar da ita ga ɗalibai da yawa a lokaci guda. Waɗannan duk sanda ce tushen koyarwarsu. Idan kaifi kake nema, duba Kalis Ilustrisimo ta Antonio Ilustrisimo, wanda ya rasu a 1997, da Pekiti-Tirsia wadda Leo Gaje ya yaɗa, da Sayoc Kali wadda ta fi ba da ƙarfi a gajeriyar wuƙa. A cikin waɗannan, ko sanda aka riƙe, a matsayin takobi ake ɗaukarta.

Bakin_Karfe: Ɗan'uwa Dan_Tsakuwa, maganar "duk ɗaya ne" rabinta gaskiya ce. Layin da makami ke bi ɗaya ne, takun ƙafa ma ɗaya ne. Abin da ya saura ba ɗaya ba ne.

Sanda zagayayya ce, ta ko'ina ta sauka ta yi aikinta. Adda kuwa gefe ɗaya ne kaifinta. Idan wuyan hannu ya ɗan karkata, faɗinta ne zai sauka, ta kuɓuce ko ta murɗe a hannu. Ƙa'idar da malaman kaifi ke bayarwa ita ce kaifi ya zauna a layi ɗaya da gaɓoɓin tsakiya na yatsu idan an dunƙule hannu. Gwaji mai sauƙi: manna jan salatif a gefe ɗaya na sandar horo, daga sama har ƙasa, ka ce nan ne kaifi. Rataya tsohuwar taya, ka yi sara hamsin, wani ya tsaya a gefe yana ƙirga sau nawa salatif ɗin ne ya taɓa tayar. Sabon shiga zai ga saran da ke fitowa daga bayan hannu ne ya fi kuskurewa, saboda gwiwar hannu tana ɗagawa kafin lokaci.

Akwai kuma motsin da na sanda ne zalla. Abaniko, wato kaɗa sanda hagu da dama da wuyan hannu kamar mafici, idan aka yi shi da adda yadda ake yi da sanda faɗin ƙarfe ne ke bugu. Kama sandar abokin karawa da hannun hagu a fizge, kamar yadda ake yawan gani a bidiyon sanda, idan kaifi ne yatsu huɗu ka miƙa. Tarar sara da sara, ƙarfi da ƙarfi, yana ɓalle bakin ƙarfe, shi ya sa masu kaifi suka fi son goce wa sara ko ture shi da faɗin makami ko bayansa. Duk bidiyon da ya ce yana koyar da adda amma malamin yana damƙe makamin abokinsa a tsakiya, sanda yake koyarwa, ya dai sauya mata riga.

Sarkin_Shakka: Ni matsalata da bidiyon nan ɗaya ce. Mai kawo hari ya miƙa hannu sau ɗaya ya bar shi a iska kamar mai jiran sadaka, malam kuma ya yi motsi bakwai a kansa. Wane ne yake kai hari haka?

Mai_Kwagiri: Malam Sarkin_Shakka, ka taɓo inda ke ciwo, amma a raba abu biyu. Akwai matakin nuni, inda dole a tsayar da hannu don ɗalibi ya ga inda kowane abu ke zuwa. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne bidiyo ya ƙare a nan. Bidiyo mai kyau yana nuna mataki uku. Na farko a hankali, hannu a tsaye. Na biyu mai harin yana janye hannunsa nan take ya sake kawo wani, da sauri matsakaici. Na uku an sa kayan kariya, mai harin yana da 'yancin zaɓar layi da lokaci, har ya yi yaudara. A mataki na uku za ka ga motsi bakwai ɗin nan ya koma ɗaya ko biyu, sau da yawa bugun hannun da ke riƙe da makami ne tare da taku zuwa gefe. Su kansu suna kiran wannan cire wa maciji haƙori. Idan tasha tana da bidiyo ɗari kuma babu ko ɗaya na mataki na uku, ka san abin da kake kallo.

Taku_Uku: Bari in shigo da abin da ke rikita masu koyo daga allo, wato lambobin sara. Yawancin makarantu suna da layuka 12, wasu 5 kawai, waɗanda ake kira cinco teros. Na 1 da na 2 kusan kowa ya yarda da su: na 1 sara ne a karkace daga kafaɗarka ta dama zuwa ƙasa hagu, na 2 kishiyarsa daga bayan hannu. Na 5 a makarantu da yawa suka ce a miƙe zuwa tsakiya. Daga nan kowa ya kama gabansa. A wani wuri na 3 da na 4 a kwance suke, a wani wurin daga ƙasa suke tasowa. Wanda ya haɗa bidiyon makarantu uku a mako ɗaya zai ji "lamba shida" sau uku da ma'ana uku. Zaɓi makaranta ɗaya, zana layukanta a kwali ka manna a bango, kada ka taɓa wata sai hannu ya haddace.

Abu na biyu, allo kamar madubi yake yaudara. Malamin da ke fuskantar kyamara, saransa na 1 daga hagun allonka yake fitowa. Mai koyo ya kwaikwayi abin da idonsa ya gani, sai ya wayi gari yana yin na 2 yana kiransa na 1. Nemi bidiyon da aka ɗauka daga bayan malami ko daga saman kafaɗarsa.

Na uku, rage gudun bidiyo zuwa 0.25. A kwamfuta, idan ka tsayar da bidiyon YouTube, maɓallin waƙafi da na aya suna matsar da hoto ɗaya-ɗaya baya da gaba. Yawancin bidiyo hoto 30 ne a daƙiƙa, sara mai sauri kuwa hotuna ƙalilan ne, don haka abin da ke faruwa a ciki ba ya ganuwa da gudun da aka saba. Kuma a kallon farko kada ka kalli hannu ko kaɗan. Rufe rabin allo na sama da takarda ka kalli ƙafa. Takunsu kan alwatika yake tafiya: ko dai ka fita gefe da gaba kamar harafin V, ko ka ja gefe da baya. Bidiyon da kyamara ta yanke ƙafafun malami daga gwiwa ya ɓoye maka rabin darasi.

Jarumin_Tarihi: Ai da Kali Lapu-Lapu, basaraken tsibirin Mactan, ya kashe Magellan, jagoran jiragen ruwan Sifaniya, a 1521. Fasaha ce tun kafin zuwan Turawa, shi ya sa ta fi sauran.

Alkalami_Ja: Malam Jarumin_Tarihi, a yi hattara. Yaƙin Mactan ya faru ranar 27 ga Afrilu 1521, Magellan ya mutu a can, mutanen Lapu-Lapu sun yi amfani da masu da takubba, wannan duk yana rubuce a bayanin Pigafetta, marubucin da ke cikin tafiyar Magellan. Amma babu abin da ke nuna cewa tsarin da ake koyarwa yau, da lambobinsa da atisayensa, shi suka yi amfani da shi. Dubi kalmomin kansu: eskrima daga esgrima ta Sifaniyanci take, wato wasan takobi. Espada y daga, takobi da wuƙa. Largo, medio, corto, nesa da tsakiya da kusa. Abaniko, redonda, serrada, duk Sifaniyanci. Sama da shekara 300 Sifaniya ta yi tana mulkin ƙasar, dole a cakuɗa. Har a cikin malaman Cebu akwai masu musanta cewa kalmar Kali tsohuwa ce.

Makaman da suka fi kyau a bidiyo kuwa, barong mai siffar ganye da kris mai lanƙwasa da kampilan mai tsawo, na Musulmin kudancin ƙasar ne, Tausug na Sulu da Maguindanao da Maranao na Mindanao. Fasaharsu ta fi kusa da silat, fasahar faɗa ta Malesiya da Indonesiya. Mai bidiyo ya ɗauki barong ya yi atisayen sandan Cebu da shi, ba fasahar Sulu ya nuna maka ba.

Bakin_Karfe: Haka ne, kuma nauyi ma yana sauya komai. Barong nauyinsa gaba yake, sara yake so, ba ya son a tsayar da shi a tsakiyar hanya. Saran da ake kira witik, wanda ake bugawa a janye kamar bulala, a sandar kwagiri yake da daɗi. Da makami mai nauyin gaba wuyan hannu ne zai biya kuɗin. A nan lobtik ake yi, saran da ke ratsawa ya wuce.

Yar_Asibiti: Salamu alaikum. 'Yan'uwa, an yi nisa ba a ambaci kayan kariya ba, kuma nan ne masu kwaikwayon bidiyo suke jin ciwo. Ba a atisayen mutum biyu da ƙarfe mai kaifi, ko malamin bidiyo ya yi. Ko da wuƙar horo ce, ido ne abu na farko. Wuƙar roba ko ta alminiyam ba ta yanka, amma tsininta yana fasa ido. Tabarau na masu aikin injin niƙa ƙarfe, mai rufe gefe, shi ne mafi ƙarancin abin da za a sa. Idan za a ƙara sauri, a nemi hular raga ta masu wasan takobi, wadda ke rufe fuska da maƙogwaro, da safar hannu mai kauri, domin ƙananan ƙasusuwan bayan hannu ba sa jure bugun kwagiri.

Sannan duk wanda ke kallon irin bidiyon nan ya haɗa da koyon tsayar da jini. A danne rauni da tsumma mai tsabta da ƙarfi, ba a ɗagawa ana leƙawa. Idan ya jiƙe a ɗora wani a kai. Idan hannu ne ko ƙafa kuma jini yana tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure da abu mai faɗi, a tazarar santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a matse har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin, a nufi asibiti. Siririyar igiya ko waya ba ta wannan aikin, nama take ci. Abin da ya shige jiki ya tsaya kuwa ba a zare shi, a tallafe shi da tsumma ta gefe.

Dan_Tsakuwa: Allah ya saka da alheri, Malama. To wuƙar horon, wacce ta fi dacewa?

Makerin_Zamani: Kowace da aikinta. Ta roba mai laushi ta fi aminci a sauri, amma tana lanƙwashewa, sai ta koya wa mutum ƙarya game da tazara da ƙwace makami. Ta alminiyam, kauri kamar milimita 6, baki a dakushe, tsini a zagaye kamar kan cokali, ita ce ta atisaye a hankali, domin nauyinta da sanyinta suna sa mutum ya girmama ta. Ta katako kowane kafinta zai fitar: tsawon ruwanta santimita 12 zuwa 15, a goge da sanfefa har ba sauran tsini ko sartse. Sanda kuma kwagiri ake so, tsawon santimita 70 ko kusa da haka. Kada a musanya da gora. Kwagiri idan ya gaji zare-zare yake yi ya yi laushi, gora kuwa tsagewa take yi ta fitar da baki mai yanka. Katako mai nauyi irin kamagong da suke nunawa na horon mutum ɗaya ne, ba a bugun abokin horo da shi.

Gwajin da ke tona asirin kowane bidiyo: a shafa alli mai launi ko jan-baki a bakin wuƙar roba, mutum biyu su sa tsofaffin fararen riguna masu dogon hannu da tabarau. Zagaye goma, kowanne daƙiƙa 10. Ɗaya yana hari yadda ya ga dama, ɗayan yana gwada dabarar da ya gani a allo. Bayan kowane zagaye a ƙirga layukan da ke jikin riga. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Uban_Gayya: Ni tambayata ta daban ce. Da yadda ƙwacen waya ya yi yawa, ba gara mutum ya koyi dabarun ƙwace wuƙa daga bidiyon nan ba? Na ga suna murɗe hannu wuƙa ta faɗi cikin daƙiƙa ɗaya.

Sarkin_Shakka: Ka miƙa wayar, Yallaɓai. Ana sayen wata.

Taku_Uku: Sarkin_Shakka ya gajarta, bari in faɗi dalili. Tsakanin ido ya ga abu da jiki ya fara amsawa akwai kusan rubu'in daƙiƙa, ga wanda ya shirya ke nan. A tazarar da hannu ke kaiwa, suka tana isowa a cikin wannan lokacin ko ƙasa da shi. Wato a kurkusa lissafi ba ya goyon bayan mai kare kai. A 1983 wani ɗan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa yana iya cinye tazarar ƙafa 21, kusan mita 6 da rabi, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Ga shi kuma mai hari na gaske yakan damƙe riga da hannu ɗaya yana maimaita suka da ɗayan, kuma ba lallai shi kaɗai ne ba.

Ƙwace makami a cikin fasahar nan abu ne da ke faɗowa idan hannun mai makami ya riga ya samu bugu ko an riga an danne shi, ba abin da ake fita nema ba. Malaman da suka san abin da suke yi suna faɗin haka a bidiyonsu, kuma suna cewa wanda ya shiga faɗan wuƙa ya sa a ransa za a yanke shi. Abin da ya fi amfani daga darussan shi ne gane tazara, lura da hannun da aka ɓoye, sa wani abu a tsakani kamar kujera ko jaka, sannan ƙafa me na ci ban ba ki ba. Yawo da wuƙa a jiki da sunan kare kai kuma wata fitinar ce, da hukuma da kuma ranar da rai ya ɓaci.

Kurman_Allo: Karambit fa, ƙaramar wuƙar nan mai lanƙwasa kamar farcen damisa? Ita ce ta fi yawa a bidiyon Kali da nake gani.

Alkalami_Ja: Karambit asalinta Indonesiya ne, ana danganta ta da mutanen Minangkabau na tsibirin Sumatra, ta silat ta shigo. Malaman Amurka da suka haɗa fasahohin biyu ne suka sa ake ganinta tare da Kali. Wuƙar da ta shahara da sunan Filifin ita ce balisong, mai mariƙi biyu da ke naɗewa, ta lardin Batangas. Juya ta a yatsu da ake nunawa wasan gwaninta ne mai zaman kansa, akwai ma marar kaifi da ake sayarwa don shi.

Mai_Kwagiri: Mu dawo kan tambayar farko, domin akwai ma'aunin da ba a ambata ba: hannun da ba ya riƙe da makami. Suna kiransa bantay kamay, hannu mai gadi. A bidiyo mai kyau za ka gan shi a ƙirji, tafinsa yana kallon jiki, yana fita ne kawai bayan makami ya wuce, ya danna ya dawo. Dalilin juya tafi ciki shi ne jijiyoyin jini da jijiyoyin da ke dunƙule yatsu ta cikin hannu suke. Kuskuren masu koyo shi ne su fitar da shi kafin saran kansu ya wuce, su sari hannunsu. Da sanda ciwo ne kawai, shi ya sa kuskuren ke daɗewa ba a gyara ba. Duba kuma ko malamin ya bambance riƙo biyu, saksak mai tsini gaba da pakal mai tsini ƙasa, domin pakal yana rage tsawon kaiwa, kuma takun da ya dace da ɗaya bai dace da ɗayan ba.

Bakin_Karfe: A nan zan ɗan saɓa maka, Malam Mai_Kwagiri. Bayan hannu ma akwai jijiyoyin buɗe yatsu, kuma bidiyo da yawa sun mayar da "ba da bayan hannu" kamar garkuwa ce. Rage asara ne kawai. Haka atisayen hubud-lubud, inda mutum biyu ke tsaye wuri ɗaya suna tara, ɗagawa, dannawa, mayarwa, a zagaye ba iyaka. Yana da daɗin kallo, yana cika tasha da masu kallo, amma yana koya wa mutum tsayawa a daidai tazarar da Taku_Uku ya ce lissafi ba ya goyon baya.

Mai_Kwagiri: Hubud ba faɗa ba ne, horon ji da fata ne, yadda hannu zai gane matsi ba tare da ido ba. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da allo ba zai ba ka ba, dole sai da mutum. Idan aka karya zagayen, aka bar ɗaya ya sauya layi ko ya ja baya ba sanarwa, amfaninsa yana fitowa.

Bakin_Karfe: Idan aka karya shi haka ai ya daina zama hubud ɗin da ake ɗorawa a bidiyo.

Taku_Uku: Ku biyun za ku kwana a nan. Dan_Tsakuwa, abin da mutum ɗaya zai iya ɗauka daga allo shi ne layuka da taku da daidaita kaifi. Minti 30 a rana ya isa: 10 na taku a kan alwatikar da aka zana da alli, kowane gefe tsawon taki ɗaya, 10 na layuka biyar na farko a iska da sanda mai salatif, 10 a kan taya. Ɗora waya ta ɗauke ka daga gefe da kuma daga baya, ka kwatanta da malamin a gudun 0.25. Sinawali, saƙar sanda biyu, ka fara da mai bugu huɗu kafin mai shida. Idan gwiwar hannu ta fara zafi ta waje, riƙon ya yi tsauri ko ana miƙe hannu gaba ɗaya a ƙarshen sara, a sassauta a huta kwana biyu.

Dan_Tsakuwa: Na gode ƙwarai, 'yan'uwa. Saura abu ɗaya: wanda zai fara da makarantar kaifi, tsakanin Ilustrisimo da Pekiti-Tirsia wacce bidiyonta ya fi saukin bi ba tare da malami a kusa ba?

Bakin_Karfe: Ilustrisimo motsinta kaɗan ne kuma a miƙe, amma duk sirrinta a lokaci da tazara yake, su kuwa kyamara ba ta kama su da kyau. Pekiti-Tirsia darussanta a jere suke da lambobi, sun fi saukin bi, sai dai yawansu yana iya sa mutum ya zama mai haddar tsari.

Mai_Kwagiri: Ni da sanda zan ce ya fara, wata shida, kafin ya taɓa ko ɗaya daga ciki. Bakin_Karfe na san ba zai yarda ba.